Motar Kamfani a Katsina: Mai Fetur Mai Gudu Ko Ta Alfarma Mai Dizal?

Kamfanin da ya ɗaga ma'aikaci zuwa matsayin da ake ba da mota ba kasafai yake miƙo makulli kawai ba. Yakan yanka iyakar kuɗi, ya jera motoci biyu ko uku, ya ce a zaɓa, kuma wadda mutum ya nuna ita zai hau shekara huɗu ko biyar. Manajan reshen banki a Katsina, da wakilin kamfanin taki mai zagaya dillalai daga Funtuwa zuwa Daura, da injiniyan kamfanin sadarwa, duk suna iya tsintar kansu a gaban wannan takarda. Zaɓin da ya fi raba wa mutane hankali shi ne tsakanin mota mai fetur wadda aka ƙera don gudu, da babbar mota ta alfarma mai shan dizal, wanda direbobinmu ke kira gas.

A 'yan shekarun baya babu mai ɓata bakinsa kan wannan tambaya. A farkon 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, dizal kuwa yana wajen naira 800, domin an daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa, yaƙin Rasha da Yukren kuma ya ƙara cilla shi sama a 2022. Duk tsimin injin dizal ba zai cike tazarar ninki huɗu ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi, fetur ya haura naira 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ya tsallake 1,000. Shi kuma dizal ya ɗan sauko bayan matatar Dangote ta fara fitar da shi a 2024. Tazarar ta matse, shi ya sa yanzu za ka ji mai hankali yana lissafin ɗaukar mai dizal, kuma ba za ka ga wautarsa ba.

Ga inda na tsaya tun kafin a yi nisa. Mutumin da yawancin zirga-zirgarsa cikin garin Katsina ne ko Daura, mai fetur ta fi masa kwanciyar hankali, kuma ba don gudunta ba. Mai dizal tana da mutanenta, amma sharuɗɗanta suna da yawa, wanda ya ɗauke ta bai cika su ba zai sha wahalar da takardar talla ba ta faɗa masa ba.

Don kada maganar ta tsaya a iska, mu ɗauki motoci biyu da kuɗinsu kan kusanci juna: BMW 330i ƙirar 2019 zuwa 2022, da Mercedes E220d ƙirar 2016 zuwa 2020. Dukansu injin lita 2 ne mai silinda huɗu da turbo. BMW tana da ƙarfin doki 258, tana tashi daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 5.8, giyarta takwas. Mercedes tana da 194, tana buƙatar daƙiƙa 7.3, giyarta tara. Akwai maganar da aka gada daga direbobin manyan motoci cewa gas ya fi fetur ƙarfin ja. A tsofaffin injina haka ne, amma a waɗannan biyun ƙarfin juyin injin daidai yake, 400 a ma'aunin niyuton-mita, kuma dukansu suna ba da shi tun injin bai ɗaga murya ba. Bambancin shi ne na Mercedes yana fara yin ƙasa bayan juyi 2,800 a minti, na BMW kuwa yana riƙewa har 4,400.

Inda za ka ji wannan a jikinka shi ne hanyar Kano, tsakanin Charanchi da Kankiya ko bayan Tsanyawa, lokacin da tirela biyu suka jeru a gabanka kana neman sararin wucewa. BMW za ta fitar da kai ta mayar da kai hannunka da wuri, kuma rage daƙiƙun da mutum ke yi a hannun masu tahowa ba ƙaramin abu ba ne. Mercedes ma za ta wuce ba tare da gardama ba, sai dai tana son ka ɗan ƙara ba ta fili. Daga nan amfanin gudun ya ƙare. Iyakar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sa wa ƙananan motoci kilomita 100 ne a babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Hanyar da shanu ke tsallakawa, yara ke talla a bakinta, 'yan kurkura ke juyawa ba sigina, ba wurin gwada doki 258 ba ce, kuma mun binne mutane da yawa saboda wannan gwajin.

Kafin maganar mai, akwai tambayar da mutane ke tsallakewa: wa zai riƙe sitiyari? Idan kamfani ya haɗa maka da direba, kai kana baya kana amsa waya, to duk abin da aka biya kuɗinsa a BMW direban ne zai more shi. Kai abin da zai iso gare ka shi ne taurin shokazoba da ƙarancin wurin miƙe ƙafa. Tsakanin tayar gaba da ta baya Mercedes ta fi ta tsawo da kusan santimita 9, but ɗinta lita 540 ne, na BMW 480, kujerunta sun fi laushi, kuma a kan doguwar hanya shiru take. Mai babbar riga da zai sauka a wurin taro, ko mai ɗaukar baƙin kamfani daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko mai kai iyaye ɗaurin aure Daura, zai gode wa Mercedes. Da sanyin safiya tana da 'yar ƙarar injin dizal idan tana tsaye, amma daga ciki ba ta damun kowa. A fagen jin daɗin zama ta yi nasara, babu ja.

Yanzu lissafin mai. Litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi, injinsa kuma ya fi iya tatsar abin da ke cikinta, don haka a tafiya iri ɗaya yakan sha ƙasa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. A ɗauka kana yin kilomita 30,000 a shekara, mai fetur tana shan lita 9 a kowace kilomita 100 da na'urar sanyi a kunne, mai dizal tana shan 6.5. Ta farko za ta ci lita 2,700, ta biyu 1,950. A ɗauka kuma fetur naira 1,000 ne, dizal 1,200. Kuɗin ya zama miliyan 2.7 da miliyan 2.34, rarar naira 360,000 ke nan a shekara. Sai dizal ya fi fetur tsada da kusan kashi 38 cikin 100 kafin rarar ta ɓace gaba ɗaya. Ka sa farashin da ka gani yau a gidan mai ka sake bugawa. Idan kuwa tafiyarka ba ta wuce kilomita 12,000 a shekara ba, rarar ta koma wajen naira 144,000, abin da gyara ɗaya zai haɗiye ya nemi ƙari.

Rarar kuma aljihun wa za ta shiga? Idan katin mai kamfani ya ba ka, yana biyan duk abin da ka sha, tsimin nasa ne. Idan kuwa alawus ɗin mai ake zuba maka a albashi, ka ci ko ka rage ruwanka, to kowace lita taka ce, nan lissafin ya shafe ka kai tsaye.

Akwai alheri biyu na dizal da ba na so a raina. Na farko, layin mai a ƙasar nan na fetur ne. Ranar da motoci suka yi jerin gwano tun daga bakin famfo har titi, 'yan bumburutu suka fito da galan-galan, famfon gas yakan kasance babu kowa sai mai tifa ko mai janareta. Na biyu nisan zango. E220d mai tankin lita 66 za ta iya haura kilomita 1,000 a doguwar hanya, wato ta kai ka Abuja daga Katsina da sauran mai mai yawa. A kula, wasunsu tankin lita 50 ne, a duba. BMW da lita 59 za ta isa Abuja, amma za ka shiga gari kana neman gidan mai. Wanda ke aiki a garuruwan bakin iyaka ya san darajar wannan, tun lokacin da kwastam ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, mutanen Jibiya da Mai'aduwa suka koma neman mai a nesa.

To mene ne ya hana ni cewa a ɗauke ta? Injin dizal ɗin da ke cikin E220d ba irin na tsohuwar tifa ba ne mai shan duk abin da aka zuba mata. An ƙera shi don dokokin hayaƙi na Turai da man Turai, inda tun 2009 salfa, wato farar wuta, ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan a dizal. A Najeriya an daɗe ana yarda da har 3,000. A 2017 aka rubuta sabon ma'auni na 50, ƙasashen ECOWAS suka amince da hakan a 2020, dokar man fetur ta 2021 ta ƙarfafa shi, amma rubutu daban, abin da ke fitowa daga famfo daban. A Yulin 2024 ma sai da aka yi musayar yawu a bainar jama'a tsakanin matatar Dangote da hukumar NMDPRA mai kula da harkar mai kan yawan salfa a dizal ɗin gida da na waje. An samu ci gaba, ban musa ba. Sai dai tsakanin matata da tankin motarka akwai tanka, da rijiyar gidan mai da ruwa kan shiga da damina, da duro mai tsatsa, da mai son zuciya da ke gauraya. Janareta zai shanye wannan ya yi hayaƙi ya ci gaba. Famfo da nozul na wannan mota suna aiki da matsin da ya kai 2,000 a ma'aunin bar, ramukan feshinsu sirara ne kamar gashi, ɗigon ruwa ko ƙasa yana iya cinye su. Nozul huɗu na asali da famfo sun fi ƙarfin rarar man da muka lissafa.

Sai matatar hayaƙi da ake kira DPF, wadda ke cikin salansa tana tare baƙin toka. Idan ta cika, motar tana ƙone tokar da kanta, amma sai zafin ya kai wajen digiri 600, kuma hakan na buƙatar tafiyar minti 15 zuwa 20 a gudu ɗaya ba tsayawa. Katsina ba ta da girman da zai ba ta wannan. Daga GRA zuwa ofis, daga ofis zuwa makarantar yara, a ratsa Ƙofar Ƙaura a dawo, injin bai gama ɗumi ba an kashe shi. Ƙari a kan haka ga ɗabi'ar da kowa ya sani: maigida ya shiga taro, direba ya samu gindin bedi ya ajiye mota, ya kwantar da kujera, injin na aiki na'urar sanyi na busawa har awa biyu. Ba na ganin laifinsa, zafin Afrilu ba wasa ba ne. Amma a wannan zaman toka kawai ake tarawa. Duk lokacin da motar ta fara ƙona tokar aka katse ta, ɗan dizal yana gangarawa cikin baƙin mai ya tsinka shi, sai ka ja sandar awo ka ga man ya ƙaru maimakon ya ragu.

Na ga irin wannan matata a wani gareji a cikin Katsina, an kwance ta an jingine da bango. Bakaniken ya haska min cikinta da fitilar waya. Ƙananan ramuka ne jere kamar saƙar zuma, sai dai duk sun toshe da baƙi, ya dangwala yatsa ya fito da shi dumu-dumu. Ya ce, "Yallaɓai, motar nan lafiyarta ƙalau, zaman gari ne ya kama ta. Da mai ita yana zuwa Kano ko Daura duk mako da ba ta zo nan ba." Abin da ake yi a irin wannan hali shi ne a fasa matatar a zubar da cikinta, a sa kwamfuta a rufe bakin fitilar gargaɗi. Wannan ba mafita ba ce ga motar kamfani. Ba taka ba ce da za ka yanke mata salansa, garanti ya tafi, kuma tokar da aka hana tarewa huhun ɗan acaɓan da ke bayanka za ta shiga.

Akwai kuma AdBlue, wani ruwa mai sinadarin yuriya kashi 32.5 cikin 100 da ake zubawa a ƙaramin tanki na daban don rage gubar hayaƙi. Idan ya kusa ƙarewa motar za ta fara ƙirga maka kilomitocin da suka rage, idan ya ƙare ka kashe ta, ba za ta sake tashi ba sai an zuba. Ba abin da za ka tsaya a Mashi ko Shargalle ka saya ba ne, sai ka yi tanadi daga manyan birane, kuma ba ya son zafi, ajiyarsa a inda ya wuce digiri 30 tana rage masa ƙarfi. But ɗin mota a rana ya wuce haka nesa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda waɗannan matsaloli ke bayyana. Idan sansa ta ga abin da bai yi mata ba, kwamfutar motar tana rage ƙarfin injin da kanta don ta kare shi. Kana taka totur, mota tana rarrafe. A cikin gari abin haushi ne kawai. A hanyar Jibiya ko ta Ƙanƙara da la'asar sakaliya, a halin tsaron da jihar nan ta sha fama da shi, magana ce ta rai. Mai fetur ma tana iya yin haka, amma ƙofofin da matsala ke shigowa ta cikinsu sun fi yawa a mai dizal.

Wani ƙaramin abu mai babbar ɓarna: yaron gidan mai bai saba ganin ƙaramar mota mai shan gas ba. Ka tsaya, kana waya, ka ce a cika, hannunsa zai tafi famfon fetur, kuma bakin famfon fetur ya fi siranta, don haka yana shiga tankin dizal. Motoci da yawa suna da abin da ke tare shi, amma ba abin dogaro ba ne. Idan hakan ta faru kada a tayar da injin ko kusa, a tura ta gefe a zuƙe tankin. Dizal ne ke shafa wa famfon injin mai, fetur wanke shi yake, ƙarfe ya ci ƙarfe. Mai irin wannan mota ya manna takarda a murfin tanki, ya kuma saba da fitowa ya tsaya a kai.

Kada wanda ya karanta zuwa nan ya ɗauka BMW tsarkakakkiya ce. Kamfanin yana son a ba ta fetur mai lamba 95 a okten, wato ma'aunin ingancin fetur, ya yarda da 91 a matsayin mafi ƙanƙanta. Mu kuwa fetur iri ɗaya ake sayar mana, kuma yana wajen wannan ƙaramar iyakar. Injin yana da sansar da ke jin ƙwanƙwasa ta sassauta wuta, don haka ba zai fashe ba, amma a ranar da zafi ya haura digiri 40 ba duka dokin nan 258 za su fito ba, shan mai kuma zai ƙaru. Gurɓataccen mai ma ba dizal kaɗai ya shafa ba. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata motoci, ya jawo layin da aka yi makonni ana fama da shi. Ga bututan ruwa da mahaɗansu na roba da zafi ke busarwa su tsage, ga ƙurar hunturu da ke cika filtar iska cikin ɗan lokaci. Dukansu biyu, kada a bi dogon zangon juye da kwamfutar motar ke nunawa, na yanayin Turai ne. Ni ba zan bar baƙin mai ya wuce kilomita 7,000 zuwa 8,000 ba, kuma mai dizal tana buƙatar nau'i na musamman mai ƙarancin toka, ba kowane galan da ke kan teburin bakin titi ba.

Babban raunin mai gudu yana ƙasa, wurin taya. Masu kwalliyar M Sport sukan zo da rim 19 da taya 225/40 a gaba, wato kaurin robar da ke tsakanin rim da kwalta santimita 9 ne kacal. E220d mai rim 17 da taya 225/55 tana da sama da santimita 12. Wannan ɗan bambancin shi ne tsakanin ka faɗa rami ka wuce, da ka faɗa ka fito da ƙullutu a gefen taya ko lanƙwasasshen rim. A BMW mai rim 19, tayar baya ta fi ta gaba faɗi, ba a musanya su. Yawancinsu kuma irin tayar nan ce da ake iya tafiya da ita bayan ta sace, kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba, saboda haka ba a sa safaya a but. Daga Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne, zuwa Kano kusan 170. Mai facin bakin hanya ba shi da injin cire irin wannan taya, zai sa ƙarfe da guduma, rim ɗin ne zai ji a jikinsa. Motar kuma a ƙasa take, tudun rage gudu da mutanen unguwa ke ginawa da kansu yana gugar cikinta, hanyar ƙauye da damina kuwa ba a ma maganarta. Sai dai a nan Mercedes ba ta fi ta tsayi da wani abin kirki ba, idan kuma mai kwalliyar AMG ce da rim 19, ciwonsu ɗaya.

Duk da haka, ranar da abu ya lalace, mai fetur ta fi saurin komawa titi. Yawancin motocin da ake shigowa da su Najeriya daga Amurka suke, can kuwa ƙananan motoci masu dizal ba su taɓa yawa ba, bayan badaƙalar hayaƙin Volkswagen ta 2015 ma suka kusa ɓacewa. Don haka kayan gyaran da ke Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas, na masu fetur sun fi yawa, hannun bakanikai ma a kansu ya faɗa. Muna da gwanayen gas a Katsina, amma gwanintarsu a tifa da tarakta da janareta take, ba a injin da sai an sa masa kwamfuta kafin ya karɓi sabon nozul ba. Motar da ta yi mako uku tana jiran kaya daga Legas ko Turai, kai ne za ka yi ta hawan ta haya. A kuma bincika asalin E220d ɗin da aka kawo. Da yawansu daga Ingila suke fitowa da sitiyari a dama, a juya shi a nan. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, doka ba ta yarda da mota mai sitiyarin dama ba, wadda aka juya kuma ban yarda a ɗora iyali a cikinta ba.

Maganar haraji gajeriya ce. A Ingila yawan hayaƙin mota ne ke yanke harajin da ma'aikaci zai biya a kanta, shi ya sa shawarwarin can ba su yi mana aiki. A nan ana ɗaukar kashi 5 cikin 100 na kuɗin da kamfani ya sayi motar a matsayin ƙarin abin da ka samu a shekara, a cire haraji a kai. Motar miliyan 60 ta ƙara miliyan 3 ke nan a kan albashin da ake lissafa maka, ko fetur take sha ko dizal. Wadda ta fi tsada ita ta fi cizo. Ka sa akawun kamfani ya buga maka kafin ka sa hannu. Ka tambaye shi kuma ko za a sayar maka da motar idan wa'adinta ya cika, kamar yadda kamfanoni da yawa ke yi. Idan haka ne, to motar da za ka riƙe da aljihunka kake zaɓa, kuma dillalan mota a Katsina da Kano sun fi saurin samun mai sayen mai fetur.

Ido ma abin lissafi ne. Baƙar Mercedes tana buɗe ƙofa a wurin taro, tana kuma sanar da duk wanda ke bakin hanya cewa babba ne a ciki. BMW mai birki launin ja da faffaɗar taya takan sa dattawa su yi maka kallon yaro mai rawar kai, ko da furfura a gemunka. Wanda aikinsa ke kai shi ƙauyuka ya fi buƙatar motar da ba a waiwayenta.

Idan takardar kamfani tana da sassauci, akwai motoci biyu da suka fi waɗannan dacewa da ƙasarmu, kowace a ɓangarenta. Mai son ƙarfi ya duba Toyota Camry mai injin V6 lita 3.5, ƙirar 2018 zuwa 2024. Dokinta 301, babu turbo, an ƙera ta ta sha fetur na gama-gari, kuma babu garin da za ka rasa wanda ya san Camry. Ta fi BMW shan mai, ba ta kai ta daɗin kwana ba, amma za ka fi ganinta a ƙofar gidanka fiye da gareji. Mai son dizal da gaske kuma ya nemi Prado mai lita 2.8, wadda daga 2020 take da doki 204 da ƙarfin juyi 500, cikinta ya ɗaga daga ƙasa fiye da santimita 21, robar tayarta ta kai santimita 17, wasu kuma suna da tanki biyu da ke ɗaukar lita 150. Sharaɗin shi ne ta kasance wadda aka ƙera don kasuwar Afirka, aka saya ta hannun dillalin kamfanin, ba ta Turai mai DPF ba. Ga mai zagaya ƙananan hukumomi 34 na jihar nan, wannan ita ce motar dizal da ke da ma'ana, sai dai kuɗinta ya fi, harajinta ma haka.

Idan kuwa zaɓin ya tsaya a kan biyun farko, zan ba mutum shawarar E220d ne kawai in ya haɗa abu huɗu: yana yin doguwar tafiya kamar Kano, Kaduna ko Abuja aƙalla sau ɗaya a mako, direba ne ke jan sa, kamfaninsa yana da tankin dizal nasa daga amintaccen dillali ko gidan mai ɗaya da aka yarda da shi, kuma akwai yarjejeniyar gyara da garejin da ke da kwamfutar Mercedes. Bankuna da kamfanonin sadarwa da yawa suna da tankin janareta a harabarsu, amma a tabbatar ana tace man ana zuƙe ruwan da ke kwanciya a ƙasansa kafin a ba mota. Ka je ofishin da ke kula da motoci ka nemi amsa a rubuce: wa ke biyan taya da rim, wa ke sayen AdBlue, wa zai turo motar ja idan ka tsaya a Gidan Mutum Ɗaya da daddare, kuma za a ba ka wata motar kafin taka ta fito? Idan amsoshin suka zo da inda-inda, ɗauki 330i, ka roƙi a kawo mai rim 17 ko 18 maimakon 19, a sa mata tayoyi na gama-gari girma ɗaya, a saya maka safaya da jak ko da za su cinye rabin but.